Littafin Godiya a cikin murhu

Talata da dare, Unguwar Boro

Baban Godiya ya samu sauƙin ƙafarsa, tarin Auta ma ya lafa. Godiya ce abin damuwa. Jikinta ƙalau, amma tun la'asar take fushi da ni.

Anti Rifkatu, yayar babansu, ta shigo ta tarar da littafin da ni da Godiya muke karantawa a kan tabarma, labarin yarinyar da ta hau maciji mai fikafikai don ta ceto ƙanenta. Hoton bangon kawai ta kalla. Ta ce, "Maman Godiya, Shaiɗan kike kiwo a ɗaki?" Ta zaro man addu'a daga jaka ta yayyafa masa, ta cusa shi cikin murhun da na ɗora wake.

Na ce, "Anti, tatsuniya ce fa."

Ta yi dariya. "Ke da kika koyi karatu da goyo a baya, me kika sani a Turanci?"

Na sani mana! Da yatsa nake bin layi, Godiya tana gyara mini. Mun kai inda gada ta karye, ƙanen yana can ƙetare. Amma na bar littafin ya ƙone a gaban 'yata, don ba a ja-in-ja da yayar miji a gidan ƙanenta.

Daga makaranta Godiya ta aro shi. Na tura wa malamarsu saƙon murya, na faɗi gaskiyar abin da ya faru, na roƙe ta ta nemo mana wani. Don Allah Malama, ki amsa kafin Lahadi, ranar da Godiya za ta koma makarantar kwana. Ba na so ta tafi tana zaton na goyi bayan Anti.