Tun da Ka Dawo Daga Dakon Sojan Nasara

Zuwa ga Baban Yari, inuwar tsamiyata, ruwan randa a tsakar bazara, kai da ƙanshinka ya fi na ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Ina gaishe ka daga gidan babana a Maiyama, gaisuwar da haushi ya cika ta har wuya.

Ka tuna ranar da kwandon albasata ya kife a bakin gulbin Jega? Ka tsince ta tsaf, kanka a sunkuye, kunya ta hana ka duban fuskata. Ina wancan mutum ya shiga? Wa ya musanya mani shi?

Tun da sojan Nasara suka kama ka dako, ka dawo ba kai ba. Ƙarar faɗuwar kwano takan sa ka zabura kana rawar jiki. Wani lokaci ka kwanta ka juya wa duniya baya, ba ci ba magana. Sannan abin ya juye, ka tashi kamar wutar daji, barci ya ƙaurace maka, bakinka ba ya hutawa, ƙafarka sai gidajen matan bayan kasuwa. Jega ba ta ishe ka ba, har Aliero! Ba ka san sunayensu ba, ba ka ma jin daɗin abin. Kakan dawo kana kuka kana buga kai da bango, ka rantse ba za ka ƙara ba, gari ya waye ka koma. Wannan so ne? Wallahi ciwo ne, kuma tushensu ɗaya da firgitar da baƙin cikin.

Amma kada ka ɓuya bayan ciwo! Ciwo bai hana ka faɗa mani gaskiya ba. Kai ka kawo mani ciwon sanyi, cikin da nake ɗauke da shi ya zube, kana can. Ni na share jinin, ni na sha kallon mata a bakin rijiya. Ina jin haushinka, zuciyata kuma, marar kunya, kai take kira.

Yayana Ummaru ya ce in je gaban alƙali a raba mu. Na ƙi. Ranar kasuwa mai zuwa zai zo da jaki ya kai ka Mungadi, wajen Malam Sahabi mai duba masu taɓuwar hankali. Ka hau. Ka faɗa masa duk abin da ka gani a tafiyar nan, wanda ka ƙi faɗa wa kowa. Zan zo in dafa maka, in zauna kusa da kai ko shekara za a yi. Ɗakina kuwa ba za ka taka ba sai ka warke.

Idan ka ƙi hawa, ba zan auri wani ba, kuma ba za ka sake ganin fuskata ba.

Taka har ranar da za a sa ni a ƙasa,
Rakiya