Layin Tarho Ɗaya Gare Mu

Daren Asabar, 16 ga Maris, 1996

Da safe ina tura sabon software daga gida zuwa saba, babbar kwamfutar da kwastomomina ke kira su shiga intanet. Saura ƙiris in gama, matata Hadiza ta zare wayar modem, na'urar da ke haɗa kwamfutata da layin tarho, daga bango. Saba ta mutu murus.

"Baban Ummi, Inna na can ofishin tarho a Funtuwa, yau muka yi da ita za ta kira, na san tun ɗazu take neman mu."

Na buɗe baki zan yi faɗa, ni da na gina kamfanin nan da gumina. Sai tarho ya yi ƙara. "Inna!" in ji Hadiza da ta ɗauka.

Na ɗauki makullin mota, na tafi ofishina da ke titin Elm Street, inda sabar take, na sake aikin daga farko. Kwastomomi sun yi ta mita, su yi.

Ashe tun azumi ba ta ji muryar uwarta ba. Ni ban ma lura ba.