Durowar da ke cikin hoton

Greensboro, 9 ga Maris, 2006

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Ni lafiya lau nake.

Inna, don Allah ki daina nuna wa maƙwabta hoton nan. Durowar da na tsaya kusa da ita ba ta tufafina ba ce. Matar da nake wa aiki macizai take kiwo, kowane aljihu da maciji guda. Har da ni aka je shagunan titin Wendover zaɓen durowar. Na ce a ɗauki wadda ke rufuwa ruf, ko yatsa ba ya shiga, tunda ni ke sharewa. Matar ta ce wai ba sa sara.

Kunya ce ta hana ni faɗa. Ki yafe mini, kada Baba ya ji.

’Yarki,
Anissa