Na zazzage jakar surukata a ƙofar kanti

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ina aiki a wani babban kanti a Gusau. Ni ke tsayawa a ƙofa ina duba rasit. Akwai yarinyar da zan aura a Tsafe, har an sa rana. Laifina na farko shi ne na ce wa danginta a ofishin kantin nake, don ina jin nauyin a ce mai gadi ne.

Ran wata Asabar wata dattijuwa ta zo fita da ledar kanti da kuma tsohuwar jaka a ƙarƙashin hijabi. Rasit ɗinta daidai yake. Amma da ta gan ni sai ta ja baya, ta kawar da kai, ta ja hijabi ta rufe baki. Na ce a raina, ga marar gaskiya. Na ce, "Hajiya, buɗe jakar nan." Ta ƙanƙame jakar. Na sake faɗa da ƙarfi, ta ƙara ƙanƙame ta. Wani mutum a layi ya ce, "Malam, roƙo kake iya yi, ba ƙwace ba. In ta ƙi, ba ka da ikon sa hannu a jakarta. In zarginta kake, kira manaja ko 'yan sanda, a samo mace ta duba." Na ce masa ya ji da sayayyarsa. Me ya hau kaina? Ni dai na ga idanu a kaina, ba na son a ce tsohuwa ta gagare ni. Na fizge jakar, hannun jakar ya tsinke, kaya suka watse a ƙasa: turaren wuta, lalle, da ƙananan kayan ciki na amarya da ta sayo a kasuwa. Ko allurar kantinmu babu. Wasu samari suka tuntsire da dariya. Na duƙa zan tattara, sai ta ce a hankali, "Bari, ɗan nan, ni zan kwashe."

Wallahi nan take na gane ta. Muryar Inna ce, mahaifiyar yarinyar. Za ku ce ya aka yi ban san fuskarta ba? Ai ban taɓa ɗaga ido na kalle ta ba. In na je gaisuwa daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa, ita tana bayan labule. Ita ta gane ni, kunyar suruki ce ta hana ta magana, ni kuma na ɗauki kunyar a matsayin rashin gaskiya.

Manaja ya tsawata mini, ya ce tun farko an gaya mana tambaya ce aikinmu, kuma in aka kai ƙara ni kaɗai zan amsa.

Wani ɗan Tsafe da ke wurin ya kai labari gida, amma bai san ni ba. Jiya yayan yarinyar ya kira ni, ransa a ɓace. Ya ce, "Ango, kai da ke ofis, nemo muna sunan mai gadin nan. Na yi magana da lauya, sai ya san Inna na da ɗiya maza." Na ce to. Na tambaye shi me Inna ta ce. Ya ce, "Wai ba ta kula da fuskarshi ba."

Tana rufa mini asiri, ni da na tona nata a gaban jama'a. Ranar Juma'a yayan zai zo kantin da lauyan, yana jiran suna daga bakina. In na faɗa, ina tsoron aure da aiki su tafi tare. In na yi shiru, na bar tsohuwar nan tana yi wa ɗanta ƙarya saboda ni. In fara zuwa wurinta ne, ko wurinsa?

Jama'a, me zan yi?