Yau Na Kira Ɗan Farina da Sunansa

Daren Laraba, Fagge

Shekara shida ban taɓa kiran ɗana da sunansa ba. Kunyar ɗan fari ce, haka na taso na ga ana yi. Sai dai "kai" ko "yaron nan".

Makon jiya na je da shi Sabon Gari karɓo ɗinki wurin Maman Chidi. A hanyar dawowa ya ce, "Umma, ita tana kiran Chidi da sunansa. Ke kin manta nawa ne?" Na yi dariya, shi bai yi ba. Tun ranar ya daina zama kusa da ni, har fitsarin kwance ya dawo.

Yau da la'asar, surukata Hajiya tana zaune a tsakar gida, na daure na ce, "Sadiku, zo ka ci abinci." Hajiya ta riƙe baki: "Oh ni, 'ya'yan zamani!" Ko a jikina.

Ya tsaya cak, ya waiga ko da wani nake. Sannan ya rugo ya faɗa jikina. "Umma, sake faɗa."

Sau biyar na faɗa. Gobe Hajiya ta yi ta faɗanta. Sadiku. Ashe sunan da daɗi haka a baki.