Awa Guda Ina Kaɗa Hannu

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, karatu sai godiya.

Ranar Talata malaminmu ya tambaye ni ko iska tana ɗaukar motsin gefe da gefe, kamar igiyar da aka kaɗa. Na ce e. Ashe turi da matsi kawai take kaiwa, irin na sauti. Ya tsayar da ni gaban aji, ya ce, "Yi ta kaɗa hannu har motsin ya iso kunnena." Awa guda ina yi, 'yan aji suna ɗaukata a waya. Yanzu har mai shara kaɗa min hannu yake.

Kafaɗata da ta sha kaɗa hannu ta yi sauƙi. Idan Baba ya tambaya, ki ce duk makarantar an san ni.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki