Burtalin Birnin Raɓa

Alhamis, 11 ga Yuli, 2024

Yau na gama ganuwa. Da laka na yi ta a ƙasan tsohon zaurenmu, tsayinta bai wuce ɗan yatsa ba. Birnin Raɓa na sa wa garin.

Ashraf ne ya kawo mana wasan daga Kano da ya zo hutu. Mutum ɗaya ne zai riƙe gari a kansa, yana faɗin abin da ke faruwa, sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama a ciki, in an zo abin da ba tabbas sai a jefa ƙwayar ludo. Ya faɗi sunan mai riƙe garin da Turanci, na manta. Mu dai mai gari muke cewa. Ni suka ba, wai don na fi su iya zama shiru ina kallon abu.

Mu huɗu ne: ni, Ashraf, Ja'afar tela, sai Bashir. Bashir tun muna tallan rake a kasuwar Toranke muke tare.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ina bayan shanu yau amma kaina na cikin birni.

Ƙofa biyu ce babba, arewa da kudu. Tsakaninsu burtali, hanyar shanu, ya ratsa gari, faɗinsa kamar kogi, ba a gini a kai, ba a shuka. Gabas da shi unguwar marina ce, su ne ke rina sararin sama da yamma, shi ya sa wani lokaci yake fitowa ja in shuni ya ƙare musu. Yamma kasuwa, a cikin busasshen tafki, ana sauka da matakala. Maƙera suna jikin ganuwa don kada tartsatsi ya tashi gari. Akwai wata farar saniya da ba wanda ya taɓa gani. Da asuba take bi ta burtalin, sawunta a kan raɓa shi ne iyaka.

Babu sarki. Mabuɗin gari ne ke yawo. Daga ruwan farko har a kwashe amfani yana hannun Sarkin Noma. Ranar da aka ɗaure damin ƙarshe sai ya miƙa wa Arɗo, shanu su shigo su ci kara su bar taki. In sun saɓa, sai a je gun Uwar Rijiya, wata tsohuwa da ke zaune a bakin rijiyar tsakiyar gari. Ba ta tambayar kowa komai. Guga take zurawa, wanda ruwansa ya fito da dauɗa shi ne mai laifi.

Duwatsu uku na samo musu. Baƙi na Sarkin Noma, fari na Arɗo, mai santsi na tsohuwa.

Juma'a, 26 ga Yuli

Mun yi wasa daga la'asar har aka kira magariba. Ja'afar ɓarawon tantabaru ya zama, Ashraf malamin da ke jin maganar tururuwa. Bashir ya ce shi baƙo ne da ya shigo gari da fartanya a kafaɗa da iri a aljihu, Tanko sunansa.

Da na kwatanta burtalin sai Bashir ya kwashe da dariya. "Kai Arɗo, wannan ai filin jirgi ne. Shanunka da fiffike suke zuwa?" Arɗo yake ce mini tun muna yara, ni kuma in ce masa Kaɗo, yadda mu Fulani muke kiran Bahaushe. Na ce to Kaɗo, ka ja bakinka kafin farar saniya ta ji.

Hajo ƙanwata ta leƙo da kwanon dafaffiyar gyaɗa, ta ce ƙarti huɗu sun zauna suna wasan ƙasa. Amma ta daɗe a tsaye.

Talata, 13 ga Agusta

Shanunmu sun shiga waken su Bashir. A burtalin gaske, na bayan gari, inda ya matse har saniya biyu ba sa jerawa. Bana babansa ya ƙara kunya uku a ciki, na gani tun shuka, ban ce komai ba. Ina gaba, wani ƙaramin bijimi ya karkata, sauran suka bi.

Baffanmu da baban Bashir sun yi ta ɗaga murya. Manya sun shiga tsakani, an rabu ba daɗi. Bashir yana tsaye a cikin waken, bai kalle ni ba.

Alhamis, 22 ga Agusta

Bashir ya zo wasa. Na yi murna, ashe da abinsa ya zo.

Da zagaye ya zo kansa ya ce, "Tanko ya sauke fartanya a tsakiyar burtali, ya fara sara." Na ce ba a yi. Ya ce ai Ashraf ya ce mutum na iya yin abin da ya ga dama. Ya jefa ƙwaya, shida ta fito. Ashraf ya ce to ai ya shuka ke nan.

Raina ya ɓaci. Na ɗauki baƙin dutse na ce Sarkin Noma ya hana. Na ɗauki fari na ce Arɗo ya kai ƙara. Na ɗauki na tsohuwa na ce guga ya fito da baƙin ruwa kamar na marina, an kori Tanko ta ƙofar kudu, farar saniya ta tattake shukarsa. Ko ƙwaya ban jefa ba.

Ja'afar yana ta murza ɓawon gyaɗa.

Bashir ya ce, "Hamma," da sunana ya kira ni, "su ukun duk da bakinka suke magana. Har Sarkin Noman ma Bafulatani ne." Sai ya nuna garin da haɓa. "Nuna mini gona ɗaya a nan. Me mutanenka suke ci, raɓa?"

Ya sa takalmi ya tafi.

Juma'a, 23 ga Agusta

Na duba. Babu gona. Na yi marina, na yi maƙera, har wurin da tantabaru ke kwana na yi.

Laraba, 4 ga Satumba

Ba a wasa. Ashraf ya koma makaranta, Ja'afar ya ce wasan mutum biyu ai hira ce.

Ni kaɗai nake shiga zauren in na dawo kiwo. Gizo-gizo ya yi saƙa daga ƙofar arewa zuwa kasuwa, na bar shi, na ce gadar sama ce. Jiya na kishingiɗa da rana sai ga ni a cikin birnin. Tituna a share, sama an rina ta da kyau, amma ba hayaƙi a kan ko gida ɗaya. Na je bakin rijiya, tsohuwar ta ɗago kai tana jira in faɗa mata abin da za ta ce.

Mun haɗu da Bashir a masallaci. Hannu kawai, ba Arɗo ba Kaɗo.

Litinin, 16 ga Satumba

Na tsaya a kan tudun nan da ke kallon gonar su Bashir, shanu na ci a ƙasa. Ban taɓa lura da kyau ba. Da muna yara gona ɗaya ce tun daga tsamiya har bakin burtali. Yanzu an yanka ta tsakanin 'ya'yan kakansa, kowa ɗan siriri kamar ƙyallen da Ja'afar ke zubarwa. Na baban Bashir shi ne na gefe. In ya matsa hagu ɗan'uwansa ne, in ya matsa dama mu ne.

Mu ma in burtalin ya rufe ba mu da hanyar mashaya. Wannan ma gaskiya ce, ba zan goge ta ba.

Bashir yana can yana gyara wurin da aka tattake, a sunkuye. Bayansa kawai nake gani.

Alhamis, 19 ga Satumba

Na bi ta gonar da baƙin dutse a aljihu. Na yi sallama, Bashir ya amsa bai miƙe ba. Na ajiye dutsen a kan kunya na ce, "Sarkin Noma ba shi da baki, ko za ka ara masa." Ya ce, "Aiki nake." Na ce Allah ya ba da sa'a.

Aro na ce. Ban ce na ba shi ba.

Asabar, 28 ga Satumba

Bashir ya zo bayan la'asar, shi da Ja'afar, da curin laka a cikin leda. Ko gaisuwar kirki bai yi ba ya durƙusa. Ya ajiye baƙin dutsen a gefensa, ya ce damina ce, mabuɗi na hannunsa, Sarkin Noma ya yafe wa Tanko ya dawo gari.

Sai ya fara jera kunyoyi, ƙanana ƙanana, a jikin burtalin daga ƙofar kudu. Ya cinye gefe guda. Ina kallo. Ja'afar ya ce, "Mai gari, ana cin ƙasarka kana gani," ba wanda ya yi dariya.

Da ya kai tsakiya ya tsaya. Ya ce in miƙo masa shanu biyu daga cikin na laka da ke bakin ƙofar arewa. Ya jera su kafaɗa da kafaɗa, ya tura su a hankali ta wurin da ya rage. Ƙahon ta dama ya karci kunya. Ya daɗe yana kallon wurin. Sai ya sa babban yatsa ya rushe kunya ɗaya tun daga sama har ƙasa, ya sake turawa, suka wuce.

"Da maraƙi fa?" in ji shi, ba ni yake kallo ba. Na ce maraƙi bayan uwa yake bi.

Mun yi wasa har magariba. Sarkin Noma ya cika surutu, kuma ya sa wa marina dokar da ban so ba.

Burtalin ya yi siriri, ba haka na zana shi ba. Bayan sun tafi na ɗebo ruwa a gwangwani don in jiƙa lakar in mayar da shi yadda yake tun ba ta bushe ba. Na ɗan zauna. Kajin Hajo suka shigo suna haki, sai na zuba musu.